Gatarin da Muke Damƙa wa 'Ya'yanmu

Jama'ar Ƙofa, itatuwanmu na ƙarewa a kan idonmu. Da rana tsaka ake sare su. Da rana tsaka ake loda su a mota. Wasu a turbuɗe su cikin ƙasa a mayar da su gawayi. Duk wannan ɓarna kuwa a gaban yaranmu ake yin ta.

Ya zama wajibi mu faɗa wa kanmu gaskiya komai ɗacinta. Mukan ce ba a koya wa yara komai a kan itace. Ana koya musu. Kullum ana koya musu, sai dai mugun karatu ake ɗora su a kai.

Mai gona ya shiga matsi. Taki ya yi tsada, ko bikin 'ya ya matso, ko ga mara lafiya a kwance. Sai ɗan itace ya zo, ya zagaya tsohuwar ɗorawa, ya bubbuga gindinta, ya taya. A yi ciniki a tsaye, a ƙirga kuɗi a miƙa. Washegari inji ya iso. Da jin ƙararsa yaran unguwa sun sheƙo a guje. Suna tsaye suna kallo haƙoran inji na cin gindin bishiyar da kakansu ya tarar a gonar. Kafin a kira azahar ta kwanta. Yara su ɗauki ihu da tafi. A ba manyan cikinsu mirgina gungume, a ba ƙanana tsintar rassa, a sallami kowa da 'yan canji. Yaro ya shiga gida da kuɗi a aljihu yana cewa, "Inna, yau mun samu aiki."

Me ya koya a wannan yinin? Ya koyi cewa itace kuɗi ne da ke tsaye a gona yana jiran mai saye. Ba wanda ya gaya masa daga wannan bishiya kalwar daddawar gidansu take fitowa. Ba wanda ya gaya masa ɗorawa sai ta shekara wajen goma kafin ta fara 'ya'yan kirki. Ba wanda ya dasa ko ƙwara ɗaya a gurbinta.

Ajin gaba shi ne wurin ƙona gawayi. A jera gumagumai, a lulluɓe su da ciyawa da ɗanyen ganye, a bi da ƙasa, a bar 'yar kafa a cusa wuta. Kwana da kwanaki tudun yana hayaƙi. Yara ne ke ɗebo ƙasar. Su ne ke toshe inda ya ɓule. Su ne ke cika buhu idan ya huce, su fito baƙi ƙirin har cikin hanci. Irin wannan ƙuna sai ta cinye kilo biyar zuwa goma na itace kafin ta ba da kilo ɗaya na gawayi. Sauran ya bi hayaƙi.

Kuma mai gawayi ba ya son itacen banza. Kirya yake nema, da marke, da kaɗanya, masu nauyi masu daɗewa suna ci. Su ne kuwa masu jinkirin girma. Kaɗanya sai ta kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Mu kuma mu ƙona ta don a dafa shayi.

Kasuwa ce ke jan gatarin. Gidajen burodi gumagumai suke ci. Ga masu tsire, ga masu abincin sayarwa, ga gidajen biki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gas da kananzir suka fi ƙarfin talaka, har ma'aikatan birni da suka daɗe da barin murhu suka dawo kan gawayi. Mai shakka ya je mararrabar Gidan Mutum Ɗaya ya tsaya, ya ga lodin itace da buhunan gawayi da ke bin titin Katsina zuwa Kano. Kowane lodi inuwar wani ƙauye ce aka kwaso.

A watan Agustan 2021 gwamnatin Jihar Katsina ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, cikin matakan da ta ɗauka saboda tsaro. Mataki ne da ya dace. Amma doka mota take tsayarwa a shinge. Ba ta isa zuciyar yaron da ya riga ya ɗanɗana kuɗin gungume ba.

Mu dubi abin da muka riga muka rasa.

Tara 'yan firamare ka ce su nuna maka kirya. Ka ce su bambance marke da madaci. Ka tambaye su ɗanɗanon ɗinya, ko kanya, ko taura. Da yawansu sai kallo. Darbejiya suka sani, da mangwaro, da turare. Ta yaya yaro zai yi kukan rashin abin da bai san sunansa ba?

Iyayenmu mata su ne shaida. Inda da ake samun ƙirare a bayan gari, yau sai an yi tafiya mai nisa. 'Yan mata ƙanana ake turawa, a lokacin da ya kamata suna aji, a zamanin da bayan gari ya zama abin fargaba. Inda itace ya gagara sai a koma kara da kashin shanu. Karan da ya kamata dabba ta ci, ko ya ruɓe ya koma ƙasa, ya tafi murhu. Kashin shanun da ya kamata ya zama taki, ya tafi murhu. Gona ta rame. Sai da takin zamani. Babu kuɗin taki, sai a sake kiran ɗan itace. Mun zama kamar manomin da ya daka irin shukarsa ya yi tuwo da shi.

Iskar farkon damina da can itatuwa ke tare ta. Yanzu sai ta kwaso yashi ta watsa wa gero yana ɗan tsiro, ta binne shi ko ta yanke shi, a sake shuka sau biyu sau uku. Ruwa in ya sauko babu saiwar da za ta riƙe ƙasa. Sai ya tsaga gona. Kwazazzabo ya buɗe baki, bana ya ci kunya biyu, baɗi ya ci hanya.

Har gawo ba mu bari ba. Gawon da ke zubar da ganye da damina ya bar rana ta isa ga shuka, ya takinta ƙasar gindinsa, sannan ya yi ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi kauri. A Damagaram sarakunan da suka shuɗe hukunci mai tsanani suka sa a kan wanda ya sare shi. Yau yara ke hawa su yi masa aski tas, su bar shi tsaye ba reshe ɗaya, kuma babba ya wuce bai ce uffan ba.

Idan gawo ya ƙare, burtali ya ƙare, makiyayi ya rasa inda zai sa dabba sai gonar mutum. Mun san abin da ke biyo baya. Jihar nan ta binne mutane a kan haka.

Ga wata masifar kuma. Yaran da aka haifa cikin shekarun nan ba su san daji da komai ba sai tsoro. Sun ji labarin Dajin Rugu, maɓoyar 'yan bindiga. Sun ji yadda aka kwashi ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a watan Disambar 2020 aka shige da su daji. Har akwai manyan da ke cewa a gabansu gara a sare duka kowa ya huta. Wannan magana guba ce, kuma ya zama wajibi a daina zuba ta a kunnen yara. Itace bai ɗauki bindiga ba. An bar gandun daji ne babu mai tsaro, babu hukuma, sai ɓarayi suka mayar da shi gida. Sare shi yunwa zai ƙara, yunwa kuwa ita ce ke samar wa 'yan bindiga sababbin yara.

Ba yau aka fara yi mana gargaɗi ba. Dattawanmu sun ga farin 1973. Sun ga na 1984. Sun ga shanu na faɗuwa a kan hanya, sun ga mutanen arewa sun kwararo neman abin sa wa a baki. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka fara babban aikin dashen itatuwa da tallafin ƙungiyar ƙasashen Turai. Aka yi shingayen tare iska, aka raba dashe, aka kafa ƙungiyoyin ƙananan malaman daji a makarantu. Yaro ya riƙe leda, ya cika ta da ƙasa, ya ga iri ya tsiro a hannunsa. Da Turawa suka janye kuɗinsu a tsakiyar shekarun 1990, aikin ya raunana. Mu kuma muka naɗe hannu muka zuba ido.

Waɗancan yara su ne iyayen yau. Wasunsu su ne ke riƙe da gari. Me suka miƙa wa nasu 'ya'yan?

Shirye-shirye ba su ƙare ba. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti. Nijeriya ta kafa hukumarsa a 2015, Katsina kuma na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada da shirin ya shafa. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a arewa. Ana dashe. Duk damina ana dashe. A kafa rumfa, a zo da manyan baƙi, a ɗauki hoto, a watse. Kafin bazara awaki sun cinye wasu, ƙishirwa ta kashe wasu. Kuɗi yana sayen dashe. Ba ya sayen mutumin da zai tashi da asuba ya zuba masa ruwa a watan Maris. Wannan mutumin renonsa ake yi tun yana ƙarami, mu kuwa mun daina renonsa.

Mu dubi Maraɗi ta Nijar. 'Yan'uwanmu ne, harshe ɗaya, noma ɗaya, ruwansu ma bai kai namu ba. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun zama fili fetal. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya daɗe yana dashe yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa duk shekara toho ne na tsofaffin kututture da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan manoma suka kama abin da suke kira sassaben zamani. In ka zo sassabe ba ka share komai da komai. Ka zaɓi toho mafi ƙarfi a kan kututture, 'yan kaɗan, ka cire sauran, ka aske na gefe, ka kare shi daga wuta da dabba. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Da wannan dabara Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200. Da wuƙa aka yi, da gatari mai kaifi, da haƙuri, da yarjejeniyar gari cewa ba a satar itacen wani.

Irin waɗannan kututture suna nan jibge a gonakin Ƙofa, da Yashe, da Mawashi, da Kafin Soli, da Rimaye. Duk bazara muna sa yaranmu su sare tohonsu su tara su cinna wuta. Da hannunsu muke sa su kashe dajin da zai cece su. Yaro ɗan shekara goma zai iya koyon sassaben zamani a yini guda. Ba mu da uzuri.

Ya zama wajibi uba ya ɗauki ɗansa zuwa sassaben bana, ya tsugunna da shi gaban kututture, ya nuna masa tohon da za a bari, ya ce, "Wannan naka ne. Kada ka bari ya mutu." Ya zama wajibi uwa in tana kaɗa miya ta gaya wa 'yarta inda kuka da daddawa da tsamiya suka fito, da abin da za a ci in sun ƙare.

Kada wani ya ɗauka ana cewa a hana yaro riƙe gatari. Dole a yi girki. Dole a yi rufin ɗaki, a sassaƙa turmi da ƙota. Matar da ke hura wuta don ciyar da 'ya'yanta ba ta yi laifi ba. Amma akwai saran mai hankali, akwai na maɓarnaci, kuma ya zama wajibi yaro ya san bambancinsu.

Reshe ake ɗauka, a bar gindi. Da kaifi ake yanka, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage. Ba a yi wa itace aski tas. Mai neman sassaƙen magani ba ya zagaye gindin madaci, domin ta ƙarƙashin ɓawo abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa, in aka zagaye shi an kashe shi ke nan ko da yana tsaye. Ba a cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya. Ba a ƙona kogo don zuma. Itacen girki da na rufi a keɓe masa gefe a dasa darbejiya da turare, waɗanda ke sake toho in an sare su, sai dai turare a nisanta shi da rijiya da shuka don yana da shan ruwa. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da gawo kuwa a ƙyale su.

Malamanmu na boko, ya zama wajibi ku fito da darasin nan daga kan allo. An gaji da yaro ya haddace ma'anar kwararowar hamada ya ci jarrabawa, ya fito ya tsallake dashen da ke mutuwa a ƙofar ajinsa. Gandun renon itatuwa ba ya buƙatar kwangila. Ledar fiya wata ce da ta cika kwatocinmu. A wanke ta, a huda gindinta, a cika da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki. A jiƙa kalwa ko ƙwallon tsamiya a ruwan zafi ya kwana don ɓawon ya yi laushi, a saka, a jera a inuwa. Kowane aji ya san nasa. Kowane dashe ya san mai shi, a kewaye shi da ƙaya, a riƙa kiran sunan yaron da nasa ya tsallake rani a gaban taron safe. A gayyato dattijon da ya san itatuwan garin nan da amfaninsu ya zaga da yara gona, tun kafin mu kai shi makwanci da iliminsa.

Malamanmu na allo, Allah ya gafarta muku. Almajiranku ne ke fita neman itacen wutar karatun dare. Ya zama wajibi ku gaya musu busasshe ake ɗebowa, ɗanye haramtacce ne a tsangayarku. Ruwan alwalar da ke malalewa a ƙofar zaure ya isa ya rayar da bishiya. Ku dasa ta a nan, ku damƙa wa gardi ya kula da ita.

Limamanmu, mumbari a hannunku yake. Ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Musulmin da ya yi dashe, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. Ya kuma yi umarnin a dasa abin da ke hannu ko da Alƙiyama na shirin tsayuwa. Halifa Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ya hana rundunarsa sare itace mai 'ya'ya alhali suna fagen yaƙi. Mu ba yaƙi muke ba, kuma namu muke sarewa. Sau nawa aka yi huɗuba a kan wannan? Ya zama wajibi a yi, a maimaita, har yaron da ke sahun baya ya ji.

Masu unguwanni, dagatai, hakimai, ranku ya daɗe. Babu bishiyar da ke faɗuwa a ƙasarku ba ku ji ƙarar inji ba. Ya zama wajibi a kafa ƙa'ida a gari: ba a sare mai 'ya'ya sai da dalilin da dattawa suka gamsu da shi, wanda ya sare ya dasa ya kuma rena, kuma ba a ɗaukar yaro aikin gawayi ko dakon gungume. Ya zama wajibi Ƙananan Hukumomin Kusada da Kankiya su ba malaman daji ƙarfi da kayan aiki, su tura su makarantu, su sa murhu mai tsimin itace ya isa hannun mata a farashin da za su iya. Rasit ɗin haraji ba ya mayar da bishiya.

Mai gonar da matsi ya kai shi ga kiran ɗan itace shi ma namu ne. In maƙwabta da dangi sun san halin da yake ciki suka bar shi ya sayar da ɗorawar gado, suna da kaso a cikin saran.

Shiru ma sara ne. Wanda ya ga yaro na hura wa kututture wuta ya wuce, da shi aka ƙona. Wanda ya ga ana loda kaɗanya ya kau da kai, da shi aka loda. Wanda ya ce ai ba gonarsa ba ce, ya jira iska. Ba ta tambayar iyaka.

Abin da ke tafe ya fi wanda ya wuce muni. Jama'a na ƙaruwa. Gonaki na tsagewa gida-gida a wajen gado. Bakunan murhu na yawaita, itacen da zai ci na raguwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A je ƙauyukan bakin iyaka a ga gonakin da yashi ya hau. Yaron da ya gaji ƙasa mara itace ba zai zauna a kanta ba. Zai tafi cirani Kano ko Legas ya ƙi dawowa, ko wani ya ja shi inda ba ma fata. Garin da samarinsa suka watse, tsofaffi da mata ne za su rage suna fama da rana.

Lokaci kuwa ƙurarre ne. Da bazara ɗorawa take nuna. A lokacin ake tara kalwa, a lokacin ake cika leda, domin dashe ya isa shiga ƙasa idan ruwa ya zauna a watan Yuli. A lokacin kuma ake sassabe. Duk gonar da aka share tas bana, tohonta sai baɗi. Duk makarantar da ta bari bazarar bana ta wuce ba ta cika leda ba, 'yan aji shida da za su fita sun tafi ke nan ba su taɓa renon bishiya ko ɗaya ba.